Littafin Baba Da Rumbun Kwamfuta

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata tambaya da aka daɗe ana yi mini, ni kuma na daɗe ina kauce mata. Kusan duk ranar Juma'a in an sauko daga babban masallacin Zongo, sai wani ya tare ni ya miƙo mini wayarsa, wai ta daina caji, ko kuwa hotunan jikokinsa sun ɓace. In na ce masa ba aikina ba ne, sai ya ce, "To, ba kai ne ɗan wane mai aikin kwamfuta ba?" Mahaifiyata ma, Allah Ya jiƙanta, har ta bar duniya abin da take gaya wa mutane ke nan, ɗanta mai gyaran kwamfuta ne. Alhali kuwa ko murfin waya ban iya buɗewa ba. Aikina shi ne kula da rumbun bayanai, kuma in za a bi gaskiya a zauren Baba na fara koyonsa, tun ban taɓa ganin kwamfuta da idona ba.

Baba fatoma ne, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. 'Yan kasuwa daga Maraɗi da Dosso da Kano da Sakkwato gidanmu suke sauka. Wanda ya zo sayen atamfa a Dantokpa, da wanda ya zo sarin gwanjo a Misebo, da mai jiran kayansa su fito daga tashar jiragen ruwa, kowa sai ya damƙa wa Baba kuɗinsa ajiya kafin ya shiga gari. Baba ba shi da akwatin ƙarfe, ba shi da mai gadi. Abin da yake da shi littafi ne mai baƙin bango, wanda yake rubutawa da ajami.

Littafin nan yana da dokokinsa. Baba ba ya barin baƙo ya tashi daga tabarma sai ya rubuta abin da ya karɓa, ya kuma karanta masa a gaban shaida. Ba ya rubuta sunan mutum tsurarsa, sai ya haɗa da sunan mahaifinsa da garinsu da laƙabin da aka san shi da shi, ko dogo, ko mai goro, ko mai tabo a goshi. Ba ya goge rubutu. In ya yi kuskure sai ya ja layi ɗaya siriri a kai, yadda za a iya karanta abin da ke ƙarƙashi, ya rubuta gyaran a gefe. Sannan duk daren Alhamis sai ya kira ni in riƙe masa fitila, ya kwafe abin da ya shiga a makon cikin littafi na biyu, wanda ake ajiyewa a gidan ƙanensa can wata unguwa. Ni a lokacin gani nake ɓarnar kananzir ce kawai, da hana yaro barci.

A shekarar 1994, shekarar da aka karya darajar sefa aka raba ta biyu, kasuwa ta rikice, baƙi suka ragu, Baba ya ce in nemi aikin ofis tunda na yi boko. Na samu a wani ofishin fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, abin da muke kira tiranzit. A nan na tarar da kwamfuta guda ɗaya, an lulluɓe ta da tawul kamar amarya, kowa yana tsoronta. A cikinta akwai wata manhaja mai suna dBase, ana adana aiki a disket. Da yake ni ne ƙaramin kowa, ni aka tura mata. Daga baya muka koma Access, daga nan MySQL, yau kuma galibin aikina da PostgreSQL nake yi. Sunaye ne kawai suke sauyawa.

Rumbun bayanai ba wani abin tsoro ba ne. Littafin Baba ne aka zuba cikin na'ura, aka raba shi jadawali-jadawali. Wannan jadawali na masu kaya ne, wancan na motoci, wancan kuma na kuɗin da aka biya. Kowane mutum yana da lambarsa, kuma lambar ce igiyar da take ɗaure shi da motarsa da kuɗinsa. Wani masani haifaffen Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka, shi ya shimfiɗa wannan tsari a 1970. A kansa aka gina yaren da ake kira SQL, wanda da shi ake tambayar rumbu, ko a ba shi umarnin gyara. Kamfanin Oracle ya fara sayar da irin wannan rumbu a 1979. Yau banki da asibiti da kamfanin waya da duwan, duk da irinsa suke aiki. Mai kula da rumbu shi ne wanda zai tabbatar abin da aka zuba daidai ne, bai ɓace ba, kuma wanda bai kamata ya gani ba bai gani ba.

To, bari in ba ku labarin ranar da na kasa yin biyu daga cikin ukun nan.

A farkon shekarun 2000 kasuwar tsofaffin motoci ta bunƙasa. Jiragen ruwa suna sauke su daga Turai, ana kora su ta Paraku da Kandi, a tsallaka gadar Malanbil zuwa Gaya, daga nan wasu su nufi Yamai, wasu Maraɗi. Har a Kano, mota irin wannan 'yar Kwatano ake ce mata. Jadawalinmu na masu kaya ya kumbura, kuma ya cika da maimaici. Dalilin kuwa duk kun san shi. Sunayenmu ba su da rubutu ɗaya. Mai fasfon Najeriya an rubuta masa Usman, mai katin Nijar Ousmane, sakatariyarmu kuma, wadda ba ta jin Hausa, ta rubuta abin da kunnenta ya ji: Ousman, Osmane, Ousoumane. Haka Abubakar yake zama Aboubacar, Boubacar, Aboubakari. Mutum ɗaya sai ka same shi sau biyar, kuɗinsa a warwatse wuri biyar.

Maigidan ofis ya ce in share wannan shara. Na zauna na rubuta umarni ɗaya, wanda zai haɗe duk waɗanda sunansu da sunan mahaifinsu da garinsu suka yi kama. Ranar Juma'a ce da yamma, ina sauri. Ban gwada shi a gefe ba, ban duba jerin waɗanda zai taɓa ba, na danna. Cikin ƙiftawar ido ya gama, na rufe ofis ina jin kaina gwani. Galibin waɗanda ya haɗe kuwa daidai ne. Amma a cikinsu akwai Alhazai biyu 'yan Maraɗi, sunansu ɗaya, sunan mahaifinsu ɗaya, ba su kuma haɗa komai ba. Ɗaya ofis yana binsa bashi mai yawa. Ɗayan baƙon Baba ne na shekara ashirin, ya ajiye kuɗin fitar da motoci shida. Da na mai da su mutum ɗaya, bashin wancan ya haɗiye ajiyar wannan.

Ran Litinin Alhaji ya je karɓar takardunsa, mai karɓar kuɗi ta dubi allon kwamfuta ta ce masa kuɗinsa bai kai ba. Motoci suna filin ajiya, kowace rana da kuɗinta. Alhaji bai yi hayaniya ba, bai je wajen 'yan sanda ba. Bayan Magariba ya zo zauren Baba ya zauna, ina gefe. Ya ce, "Maigida, shekara ashirin ina ba ka kuɗina ban taɓa neman takarda ba. Kai ka ce in kai ofishin ɗanka. Yau an ce mini inji ya ce ba ni da kuɗi." Baba bai ko dube ni ba. Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri, kafin gobe da hantsi zan gyara. Muna da kwafin ajiya."

Na hau zem a daren na koma ofis da ƙarfin gwiwa, domin kuwa ni da kaina na tsara wa na'ura ta riƙa kwafe rumbu kowane dare zuwa wani faifai na biyu. Kowace safiya ina ganin sunan sabon fayil a jere, hankalina kwance. Na buɗe kwafin daren Alhamis, babu komai a ciki. Na buɗe na Laraba, babu komai. Na yi ta komawa baya, gumi yana keto mini. Ashe faifan ya cika tun makonni goma sha ɗaya da suka wuce. Na'ura tana rubuta sunan fayil kowane dare, ta bar cikinsa fayau, ni kuma sunan kawai nake kallo. Kwafi mai kyau na ƙarshe ya kusa wata uku.

Kwana uku muka yi, ni da mai karɓar kuɗi da yaron aike, muna zazzage kwalayen rasit muna raba na wannan Alhaji da na wancan. Wasu rasit ɗin ma sunan kawai ke jiki, babu abin da zai bambanta su. Abin da ya raba gardama littafin Baba ne. Alhaji yana da al'adar duk abin da ya kai ofis sai ya gaya wa mai masaukinsa, Baba kuma ya rubuta, da rana da wata da laƙabi. Da ajamin nan muka warware abin da kwamfuta ta cuɗe. A rana ta huɗu motoci suka fita. Kuɗin filin ajiya na kwanakin daga albashina aka cire, ban ce uffan ba. Da ƙura ta lafa, Baba ya kira ni ya ce, "Kai yaro, rumbun nan naka da kake ta faɗa, yaushe rabonka da ka buɗe shi ka zura hannu?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Manomin da ke ƙirga rumbunansa daga waje, gara yake yi wa noma."

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina wasu ƙa'idoji, kuma daga baya na tarar su ne dai ake koyarwa a manyan littattafan sana'ar. Na farko, suna ba shaida ba ne. Kowane mutum a ba shi lambar da ba a maimaita ta, kuma kada a haɗe mutum biyu sai ɗan Adam ya duba da idonsa, ya ga lambar takarda ko ranar haihuwa ko lambar waya. Na biyu, duk umarnin da zai taɓa layi da yawa, a gwada shi tukuna a kan kwafin gwaji. In an zo kan rumbu na gaske, SQL yana ba da damar a ɗaure aikin, a ga layi nawa ya taɓa, sannan a tabbatar ko a janye. Wannan minti biyu ne, kuma da na yi shi da Alhaji bai zo zaure ba. Ban kuma sake yin babban gyara ranar Juma'a da yamma ba.

Na uku shi ne kwafin ajiya. Ƙa'idar da 'yan sana'a suka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a nesa da ofis. Mu da muka ga ambaliyar 2010, muka kuma ga gobarar Dantokpa ta ƙarshen Oktoban 2015, ba ma bukatar a yi mana bayanin dalilin nesanta kwafi. Amma duk wannan banza ne in ba a gwada maidowa ba. Ni farkon kowane wata nakan ɗauki kwafi in maido shi a wata na'ura dabam, in ƙirga layukansa, in nemi mutum uku a ciki. Na huɗu, kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa da iyakar abin da aka yardar masa ya taɓa, kuma rumbu ya riƙa ajiye sawun wanda ya gyara, da abin da ke wurin kafin gyaran. Layin nan siriri na Baba ke nan. Na biyar, riƙe baki. Mai kula da rumbu yana ganin bashin kowa da ajiyar kowa. A ƙasar nan ma akwai doka, wato kundin dokokin fasahar zamani mai lamba 2017-20 da aka sa wa hannu a 2018, da hukumar APDP mai kare bayanan mutane. Amma tun kafin doka, fatoman da ya faɗi ajiyar baƙonsa a majalisa ya gama sana'a.

Wani zai ce, to mu da ba ma aikin ofis, ina ruwanmu? Jama'a, ruwanmu ne ƙwarai, domin kowannenmu yau layi ne a cikin wani rumbu. Kun tuna ƙorafin da aka yi ta yi lokacin rajistar zaɓe ta LEPI kafin zaɓen 2011, mutane suna neman sunansu ba su gani ba. Daga Nuwamban 2017 zuwa Afrilun 2018 aka yi babbar rajistar RAVIP, aka ɗauki hoto da zanen yatsun mutum sama da miliyan 10. Hukumar ANIP ke riƙe da wannan kundi, ita ke ba kowa lambarsa ta NPI, kuma a kan lambar ake fitar da katin shaida da takardar haihuwa. Daga cikin kundin aka ciro jerin masu zaɓen 'yan majalisa na Janairun 2023. Wanda layinsa ya karkace a can, ya karkace ko'ina.

Mu 'yan Zongo mun fi kowa shiga wannan haɗari. Da yawa cikin iyayenmu takardarsu cewa take an haife su wajen shekara kaza, na'ura kuma tana neman rana da wata, sai a cika musu 1 ga Janairu. Ku haɗa wannan da suna mai rubutu biyar, ku ga yadda mutum biyu za su yi kama, ko mutum ɗaya ya rabu biyu. Kuma kun san tambayar da ake yi mana in takarda ta saɓa da takarda: kai ɗan Nijar ne ko ɗan Najeriya? Ko da kuwa a nan aka binne cibiyar kakanka. Saboda haka shawarata ita ce, kowane gida ya zauna ya tsai da rubutu ɗaya na sunan uba, wanda ke kan tsohuwar takarda, kowane ɗa ya bi shi harafi da harafi. Kada a bar gaban ma'aikaci sai an karanta abin da ya rubuta. Wanda bai iya boko ba ya tafi da wanda ya iya. A yi wa jariri rajista da wuri, kada a jira sai zai shiga makaranta. Gyara a gaban tebur minti ɗaya ne, gyara bayan shekara goma kuwa zirga-zirga ce da kuɗin zem.

Sai ku samari da 'yan mata masu tambayata ta ina ake shiga wannan sana'a. Ku fara da SQL, domin ya haura shekara arba'in ana aiki da shi, manhajoji da yawa sun zo sun wuce ya bar su a hanya. PostgreSQL da MySQL kyauta ake sauke su, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsu. Mai halin karatu mai zurfi, akwai cibiyar IFRI a Jami'ar Abomey-Calavi. Akwai kuma jarrabawar shaidar ƙwarewa ta kamfanoni irin su Oracle da Microsoft, tana buɗe ƙofa, amma tana da tsada, kuma na ga masu takardar da ba su taɓa maido da rumbu ko sau ɗaya ba. Ku dage da karanta Turancin Ingilishi, domin da shi ake fara rubuta littattafan jagora na waɗannan manhajoji. Sannan ku nemi aikin gaske ku gwada hannu. Adashen iyayenku mata yana nan, da kuɗin ƙungiyar unguwa, da rajistar ɗaliban Islamiyya. Ku tsara musu rumbu, ku tabbatar yana karɓar ɓ da ɗ da ƙ ba tare da ya mai da su alamar tambaya ba, ku yi kwafi, ku goge na gwaji da gangan, ku maido shi. Kuna da abin da wasu ba su da shi. Yaron da ya tashi yana jin Hausa da Dendi da Fon da Yarbanci da Faransanci, shi zai gane Boubacar da Garba suna iya zama mutum ɗaya, kuma shi zai san a tsaya a tambaya kafin a haɗe su.

Bayan rasuwar Baba da wajen shekara biyu, wani saurayi ya yi sallama a gidanmu daga Dogonduci. Ya ce mahaifinsa ya rasu, kuma kafin ya cika ya ce yana da 'yar ajiya a Zongon Kwatano. Ba shi da takarda ko ɗaya. Littafin farko ruwan 2010 ya ci rabinsa, sai na aika gidan Baffa aka ɗauko na biyu. Na tambaye shi sunan mahaifinsa da na kakansa da laƙabi. Muka bi shafi-shafi har muka samu, ga adadin, ga ranar, babu layi a kai. Muka haɗu mu 'ya'ya muka biya shi daga abin da Baba ya bari.

A makon na zauna na rubuta yadda ake maido da kowane rumbu da ke hannuna, mataki-mataki, yadda wanda bai san ni ba zai iya bi. Na sa kalmomin sirri a ambulan na liƙe, na damƙa wa masu ofis. Na kuma ɗauki yaro ɗaya ina koya masa, kuma farkon kowane wata shi ke maido da kwafi, ni ina gefe ina kallo. Littafin Baba na biyu kuwa na ɗauki hoton kowane shafinsa, kwafi uku, ɗaya yana wajen ƙanwata a Paraku.

Wanda ya tare ni ranar Juma'a da waya, ya yi haƙuri, har yanzu ban iya gyaranta ba. Amma in takardun gidanku ne suka saɓa wa juna, ku kawo mu duba tare. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.